Daga Allon Malami: Wanda Ya Dawo Gida A Rame

 Zancenmu na wannan wata ya taso ne daga wata barka da muka je yi.

Uban wani yaro na ajinmu ya dawo gida bayan ya yi shekara biyu da wata bakwai a tsare yana jiran shari'a, daga baya kotu ta sallame shi. Ran Asabar muka ɗunguma, mu malamai huɗu, muka tafi yi masa barka da arziki. Da muka shiga gidan ba mu shaida shi ba sai da ya yi magana. Mutumin da a dā yake ɗaga buhun masara shi kaɗai, ga shi zaune a kan tabarma, wuya kamar mariƙin lema, wando ɗaure da igiya. Dangi kuwa sun haɗa kuɗi an yanka rago. Ga tuwon shinkafa, ga soyayyen nama, ga lemon kwalba jere a gabansa. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ci mana, Baba, ka mai da jikinka." Mu ma haka muka ce masa.

Ran Talata yaron bai zo makaranta ba. Ashe da dare ƙafafun ubansa sun kumbura, numfashi ya gagara, aka kwashe shi sai asibiti. Kwanansa goma sha ɗaya a can, Allah kuwa ya tashi kafaɗunsa. Da muka je dubiya, matarsa ta tare mu a bakin ƙofa tana hawaye, ta ce, "Malam, likita ya ce abincin ne ya yi masa yawa farat ɗaya. Ashe da hannuna na so in kashe maigidana?" Muka ce mata, "Uwargida, in laifi ne to dukanmu muka yi shi." Daga nan muka ƙudura mu nemi sanin wannan al'amari, mu kuma kawo muku abin da muka samu, gama a kwanakin nan gidaje da yawa suna karɓar wani nasu daga kurkuku, ko daga hannun masu garkuwa da mutane a daji.

Abin da ya faru a Belsen

Ran 15 ga Afrilu 1945, ana gab da gama Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Ingila suka shiga wani sansanin fursunoni da ake kira Belsen a arewacin Jamus. Suka tarar da mutum wajen 60,000 da sauran numfashi, da gawa wajen 13,000 ba a binne ba. Tausayi ya kama sojojin, suka buɗe guzurinsu na naman gwangwani da biskit suka rarraba. Cikin makonnin da suka biyo baya mutum wajen 14,000 suka ƙara mutuwa. Yawancinsu zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ne ya kashe su, da tarin fuka, da atini, da yunwar da ta riga ta cinye su. Amma waɗansu abincin nan na tausayi ne ya ƙarasa su, domin jikinsu ba shi da ƙarfin karɓarsa.

Majalisar binciken magunguna ta Ingila ta aiki wata likita, Janet Vaughan, da abokan aikinta, su gwada wani ruwan abinci da aka haɗa don a ɗura wa mayunwata ta jijiya ko ta roba. Bai yi amfani ba. Fursunonin da ganin allura sai su ruɗe da kururuwa, gama sun san likitocin Hitila sun yi ta kashe mutane da allura. A ƙarshe abin da ya fi ceton rai shi ne madara marar maiƙo da ɗan sukari, a ba mutum ta baki, kaɗan kaɗan, sau da yawa a rana.

Samari 36 da suka zaɓi yunwa

A daidai lokacin da ake wannan fama a Jamus, waɗansu samari a Amurka suna tsakiyar wata yunwa da suka ɗaukar wa kansu da gangan. Wani masani a jami'ar Minesota, Ancel Keys, ya hango cewa in yaƙi ya ƙare za a sami miliyoyin mayunwata, ga shi kuwa likitoci ba su san takamaiman abin da yunwa ke yi wa jiki ba, balle yadda za a ciyad da wanda ta kama. Sai ya nemi waɗanda za su yarda a gwada a kansu.

A lokacin akwai samarin da lamirinsu ya hana su ɗaukar bindiga, gwamnati ta sa su waɗansu ayyuka maimakon soja. Da yawansu 'ya'yan ekklisiyoyin nan ne masu ƙin yaƙi, watau Menonayit, da Kwekas, da Ekklisiyar 'Yan'uwa. Wannan ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce gare mu, ita ce ta aiko da masu bishara Garkiɗa a 1923. Ɗaruruwa suka miƙa kansu, aka zaɓi 36, masu shekara 22 zuwa 33. Bincike irin wannan yana cin kuɗi ƙwarai, ga abinci, ga kayan awo, ga albashin ma'aikata na shekara guda. Ban da abin da hukuma da jami'a suka sa, kwamitocin taimako na ekklisiyoyin nan sun ɗauki kaso mai tsoka. Ashe baikon da manomi ya jefa cikin kwano ran Lahadi yana iya zama ilimin da zai ceci wanda bai taɓa gani ba.

Aka fara a watan Nuwamba 1944. Samarin suna kwana a ɗakunan da ke ƙarƙashin filin ƙwallon jami'a. Mako 12 na fari aka ciyad da su sosai, kimanin kalori 3,200 a rana. Kalori shi ne mudun da ake auna ƙarfin abinci da shi. Daga watan Fabrairu 1945 aka rage abincin ya koma wajen rabi, sau biyu a rana, har mako 24. Abin da ake ba su irin na ƙasar da yaƙi ya ci ne, dankalin Turawa, kabeji, baƙin burodi, taliya, da waɗansu saiwoyi. Duk da haka tilas kowa ya yi tafiyar mil 22 a ƙasa kowane mako, ya kuma yi aikinsa.

Kafin ƙarshen Yuli sun zubad da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Wanda ya fara da kilo 69 ya koma wajen 52. Bugun zuciyarsu ya sauka daga 55 zuwa 35 a minti. Da bazara ma suna jin sanyi suna neman bargo. Ƙafafunsu suka kumbura da ruwa. Zama a kan benci ya zama azaba, gama ba naman da zai tare ƙashi.

Abin da ya fi ba masanan mamaki shi ne yadda halinsu ya sāke. Samari masu fara'a, masu son jama'a, suka zama masu saurin fushi, ba su son hira, ba su son dariya, ko zancen 'yan mata ya fita daga ransu. Ba abin da ke kansu sai abinci. Waɗansu suka shiga tara littattafan girki suna kallon hotuna. Waɗansu sukan zuba ruwa cikin abinci don ya yi yawa, su yi awa guda suna ci, sa'an nan su lashe kwano. Har aka kafa doka kada kowa ya fita gari shi kaɗai, don kada ya faɗa cikin jaraba. Mutum 32 ne suka kai ƙarshen gwajin yadda aka tsara.

Mu lura da wannan da kyau. Waɗannan samari ba wanda ya doke su, ba wanda ya ɗaure su, suna da gado mai tsabta da likita a kusa, sun kuma san ranar da za a gama. Yunwa kaɗai ta mai da su haka. To, ina ga wanda ya haɗa yunwa da duka, da cunkoso, da rashin sanin ranar fita?

Komawa ta fi tafiya wuya

Samarin sun zaci ranar da aka ƙara abinci wahala ta ƙare. Ba haka ta zama ba. Da yawansu sun ce watannin farfaɗowa sun fi na yunwar ɗaci. Baƙin ciki ya ƙaru. Waɗansu nauyinsu ya ƙara raguwa da fari, saboda ruwan kumburi yana fita. A wannan lokaci ne ɗaya daga cikinsu ya datse yatsunsa uku da gatari, daga baya shi kansa ya kāsa faɗin ko da gangan ya yi. Sa'ad da aka sake su su ci abin da suke so, waɗansu suka riƙa cin abincin mutum biyu ko uku, suna tashi ciki ya cika amma ran bai ƙoshi ba. Ɗaya sai da aka kai shi asibiti saboda yawan ci.

Keys ya gano cewa ƙwayoyin bitamin kaɗai ba su mai da jiki. Abin da babban mutum yake bukata, bayan ya wuce kwanakin fari, shi ne abinci mai yawa, wajen kalori 4,000 a rana, har watanni. Ya kuma ga kitse ne yake fara dawowa, tsoka da ƙarfi suna biyo baya sannu. Waɗansu sun yi shekara guda ko biyu kafin su ji sun koma daidai. Babban littafin binciken, juzu'i biyu mai shafi 1,385, bai fito ba sai 1950, bayan an wuce tsananin yunwar Turai. Don haka tun 1946 aka buga ɗan ƙaramin littafi domin ma'aikatan agaji. Bayan kusan shekara 60 aka nemo 18 daga cikin waɗanda suka rage da rai aka yi hira da su, suka ce ba su yi da-na-sani ba.

A nan akwai gargaɗi ga 'yan'uwanmu masu son rage ƙiba ta wurin hora kansu da yunwa, musamman 'yan matanmu na makarantun gaba. Gwajin nan ya nuna jiki yana da wayo. In an hana shi abinci sai ya rage wutarsa, kamar mace mai tattalin itace da damina. A samarin nan ƙarfin da jiki ke ƙonewa a kwance ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Da suka koma ci, da yawansu sun zarce nauyinsu na dā, kitse kuma ya fi yawa. Wanda likita ya ce ya rage jiki, ya rage a hankali bisa ga shawararsa.

Me ya sa abinci yake kā da mayunwaci?

Yau likitoci sun san dalilin. Sa'ad da mutum ya daɗe ba ya samun abinci, jikinsa yakan koma cin kitsensa da tsokarsa. A hankali waɗansu gishirin jiki da zuciya da jijiyoyi suke aiki da su, irin su fosfet da fotashiyam, sukan ƙare a rumbu, ko da yake ɗan abin da ya rage cikin jini yana riƙe da rai. Ran da aka ɗura masa tuwo da sukari da yawa, sai jiki ya saki insulin da ƙarfi. Insulin ɗin ya kwashi sukarin ya shigad da shi cikin tsoka, ya haɗa da ɗan gishirin da ya rage cikin jini. Jiki kuma ya riƙe ruwa. Zuciyar da ta riga ta ƙanƙance ta raunana sai ta ga kaya ya fi ƙarfinta. Wannan yakan faru cikin kwana huɗu ko biyar na fari. Kun san busasshiyar ƙasa a ƙarshen rani. In yayyafi ya sauka takan sha, in kuwa aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya sai zaizaya.

Bisa ga ƙa'idar da likitocin Ingila suka fitar a 2006, wanda ya yi fiye da kwana 10 kusan ba ci, ko ya zubad da fiye da kashi 15 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 3 zuwa 6, yana cikin babban hatsari, sai a fara ciyad da shi da kaɗan. Iyaye matan da suka taɓa kwana da yaro mai tamowa a asibiti sun ga wannan da idonsu. Ana fara ba yaron wata madara mai sauƙi bayan kowace awa biyu ko uku. Sai ya yi kwanaki kafin a ba shi mai ƙarfi, ko abincin gyaɗan nan na cikin leda. Uwa takan ga kamar rowa ake yi wa ɗanta, alhali kuwa ransa ake tsarewa.

Abin da mutum yake fitowa da shi a ɓoye

Rama ita ce ido yake gani, amma akwai sauran kaya. Makarantar cututtukan ƙasashen zafi ta birnin Libaful a Ingila ta yi shekaru masu yawa tana duba tsofaffin sojojin da Japan ta tsare a lokacin yaƙi. Aka sami waɗansu har bayan shekara 30 suna ɗauke da wata irin tsutsar ciki da suka kwaso a sansani. Waɗansu jijiyoyinsu da ganinsu sun lalace saboda rashin abinci mai gina jiki, da yawa kuma suna fama da mugayen mafarkai.

Wani bincike kuma ya fi kusa da zamaninmu. A 2007 wata likita, Ingrid Binswanger, da abokan aikinta suka buga abin da suka samu bayan sun bi sawun mutum 30,237 da aka saka daga kurkukun jihar Washinton ta Amurka tsakanin 1999 da 2003. Cikin kimanin shekara biyu 443 suka mutu, watau ninki uku da rabi na yadda sauran mutanen jihar masu irin shekarunsu suke mutuwa. A mako biyu na fari kuwa hatsarin ya kusa ninki 13. Abin da ya fi kashe su shan ƙwaya fiye da kima ne, sa'an nan ciwon zuciya, da kisan kai, da masu kashe kansu. Mai shan ƙwaya in ya daɗe a tsare jikinsa yakan manta da ita. Ran da ya fito ya sha adadin da ya saba sha a dā, sai ta kashe shi. Amurka ba ƙasarmu ba ce, kurkukunsu ba irin namu ba ne, amma darasin ɗaya ne da na Belsen. Kwanakin da iyali suke murna an tsira, su ne kwanakin da ya kamata a fi sa ido.

To, me za mu yi?

Na ɗaya, wanda ya dawo a rame ƙwarai, a fara kai shi asibiti kafin a kira masu barka. A gaya wa likita tsawon zamansa da irin abincin da yake samu.

Na biyu, a makon fari a ba shi abinci kaɗan kaɗan, sau shida ko fiye a rana. Kunu, koko, madara da aka tafasa, ayaba, ɗan romo. A janye lemon kwalba da kayan zaƙi, kada kuma a tula masa tuwo. In aka ga ƙafa ta kumbura, ko numfashi yana sama sama, ko ya ruɗe, ko jiki ya saki, a koma asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne.

Na uku, bayan wannan mako a riƙa ƙarawa, a kuma dage har watanni. Wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono, ganye, da tuwo isasshe. Kada a gaji, kada a yi masa gorin ci.

Na huɗu, in yana tari fiye da mako biyu, ko gumin dare, a gwada shi don tarin fuka, gama cuta ce mai son cunkoso. Maganinta kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana sha wata 6 ba fashi. Wannan kāriya ce ga yaran gida kuma. A duba ƙazwa da tsutsar ciki. In dā yana shan maganin hawan jini, ko na sukari, ko na ƙanjamau, kada a bari ya yanke.

Na biyar, in dā ma yana taɓa ƙwaya ko giya, a gaya masa a fili cewa jikinsa ba na dā ba ne. Wani babba da yake jin nauyinsa ya riƙa zama kusa da shi a makonnin fari.

Na shida, a yi haƙuri da halinsa. In ya yi shiru, ko ya yi fushi a kan abu kaɗan, ko aka ga yana ɓoye abinci a ƙarƙashin matashi, kada a ce kurkuku ta lalatad da shi. Mu tuna da samarin Minesota, waɗanda ba su yi laifin kome ba amma suka yi haka. In kuwa ya fara zancen gajiya da rai, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi likita.

Ga dattawan ekklisiya da Zumuntar Mata muna da roƙo ɗaya. Mun iya barka ta yini guda, amma bayan mako biyu sai ƙafa ta ɗauke, daidai lokacin da mai gida yake bukatar abinci mai yawa, ga shi ba ya iya noma, ba wanda yake son ɗaukarsa aiki. Kuɗin ragon nan da aka yanka ran Asabar, da an raba shi, da ya sayi wake da ƙwai na wata uku. A rubuta sunayen gidaje, kowane gida ya ɗauki mako guda. Sannu ba ta hana zuwa. Walima kuwa ba ta gudu, a ajiye ta sai ran da zai iya cin naman ya kwana lafiya.

Uban yaron nan yanzu watansa biyar da dawowa. Makon jiya muka gamu da shi a hanyar gona da fartanya a kafaɗa. Ya ce kunya biyar yake yi ya zauna ya huta, amma kullum yana ƙara ɗaya. Ɗansa kuma ya daina gyangyaɗi a aji.

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.